Takarda ta Sittin da Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya Baba Sifana yana buɗe ɗakin gwaji na sashen injiniya, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsa ra'ayinsa a kan komai sai a kan inda aka ajiye makulli. Daga garejin kanikawa aka ɗauko shi yana saurayi, da satifiket ɗin firamare da farce ɗaya da jek ɗin ɗaga mota ya cinye. Matarsa kan ce da zai samu dama, da tuni ya kai katifarsa tsakanin ƙarafan nan.

Sai ga Shugaban Sashe ya dawo daga wani taro da sabon tunani: a kwashe ƙarafan, a zuba kwamfutoci, Baba kuma ya koma gadin sito. Wannan magana ta ƙona ran Baba sosai. Ya ci gaba da goge injinansa.

A makon ne wata sabuwar malama, Dakta, ta zo da irin tata jarrabawar. Babu lissafi, ba ta shiga makin zango, ba a ma rubuta suna. Tambayoyi talatin ne kawai, don a gane ko ɗalibai sun fahimci abin da suke haddacewa. An jingina tsani da bango, ta ina zai fara zamewa? Mutum biyu sun ɗauki katako, kaya ya fi kusa da ɗaya, wa zai fi shan wuya? Baba aka sa ya gurzo takardun a injin kwafi. Ɗalibai sittin ne, shi kuwa ya gurzo sittin da ɗaya. Ya zauna a bayan injin yankan ƙarfe, ya zaro fensir daga bayan kunne, ya gama ya cusa tasa a tsakiya.

Sakamako ya fito, abin kunya. Yaran da ke cika allo da lissafi har alli ya ƙare, yawancinsu ba su wuce goma sha ɗaya ba. Takarda ɗaya ce ta ci ashirin da takwas.

A taron malamai, Baba yana gefe yana gyara fanka, Shugaba ya ɗaga takardar sama.

"Kun gani? Wannan daga ajina na kwamfuta yake, ko shakka babu. Duk inda yaron nan ya koyi abin nan, can za mu tura sauran!"

"Ranka ya daɗe, a rubuta haka?" in ji Dakta.

"A rubuta!"

Sai da sakatare ya rubuta, sannan ta ce, "Ɗalibaina sittin ne, takardu sittin da ɗaya. Ka duba kusurwar takardar."

Ga shatin babban yatsa nan da baƙin mai, ɓaro-ɓaro. Duk aka juya. Baba ya sauko daga kan tebur a hankali, yana goge hannu a rigarsa.

"A gafarce ni, ranka ya daɗe. Na ga ta yi saura ne, na ce kada a yi asarar takarda."

Bayan an watse Dakta ta tare shi a baranda. "Baba, tambaya biyu ka faɗi. Ga ɗaya. Tirela da ƙaramar mota in sun yi karo, ƙarfin da kowacce ta daki 'yar'uwarta da shi ɗaya ne."

"'Yata, ni na sha jawo ƙaramar. Ban taɓa jawo tirelar ba."

Ta ce zai gani da idonsa, za ta nuna masa da sikeli biyu. Har yau suna wannan musu, ɗalibai na kewaye da su, kowa da ƙarfe a hannu.

Makullin ɗakin gwaji yana nan a aljihun Baba. Ya dai sake gurzo takarda guda, ya ajiye wa Shugaba a kan tebur tare da fensir fiƙaƙƙe. Wata huɗu ke nan, ba ta dawo ba.