Asalin Barkono, Ba Na Sale Ba

Har gobe ban manta da Larabar da aka tura ni Haɗeja ba, lokacin kaka, ina ƙaramin jami'in kwastan. Ƙasarmu ta shiga yarjejeniyar ciniki da sauran ƙasashen Afirka, aikina in bayyana wa masu fitar da kaya ƙa'idojin. Babbar ƙa'idar ita ce, kaya ba sa samun rangwamen haraji a ƙetare sai da takardar shaidar asali, wadda ke nuna a ƙasar nan aka noma su.

Ina shiga zauren taron, wa zan gani a kujerar gaba in ba Sale ba? Ajinmu ɗaya a Kirikasamma, kuma a littafina yake kwafar lissafi. Yanzu ya zama Alhaji Sale mai barkono, shadda na ƙyalli, mutane sai "ranka ya daɗe" suke ta zuba masa. Ni kuwa a motar haya na zo, kakina duk ya yamutse. Ba zan ɓoye muku ba, hassada ta cika mini ciki.

Na gama bayani, aka tafa. Sale ya jawo hannuna yana dariya.

"Malam Habu sarkin boko! Ai takardar asalin nan taka tuni na karɓo. Jibi tireloli biyu za su tashi."

Ya zaro ta daga aljihu. Takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma ce, har da hotonsa da sunan mahaifinsa. Shi a tunaninsa asalin mai kaya ake tambaya.

Na san abin da zai biyo baya. Za a tsare motocin a iyakar wata ƙasa, ko ya biya cikakken haraji, ko barkonon ya yi ta shan raɓa har ya yi fumfuna. Zuciyata ta ce, "Yi shiru, ai ka yi bayani kowa ya ji."

Sai na tuna barkonon ba na Sale kaɗai ba ne. Gumin manoman fadamarmu ne, har da ƙanin babana.

Na ce, "Sale, kai kowa ya san asalinka. Na barkonon ake nema." Na faɗa masa ofishin da zai je, na ce motocin su dakata.

Bana na ji ya ƙara tirela ta uku. Duk inda ya zauna kuma cewa yake, "Da ma na san dokar."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani za ku yi ta buɗe wa mutane ƙofar arzikin da ku ba za ku shiga ba. Kuma kada ku ɗauka don an tafa an gane. An ce hassada ga mai rabo taki ce. To, a gonar Sale dai ni ne takin, kuma har yau abin yana ci mini rai.