Rabin Takardar da Na Karanta

Laifina ne, kuma ba na neman wanda zan raba shi da shi. Wata mata ta ba ni takardar asibiti in karanta mata, na karanta rabi na haɗiye rabi. Sau biyu na yi haka, kuma ba ta rayu ta ga girbin shekarar da na faɗa mata gaskiya ba.

A lokacin, farkon shekarun dubu biyu, sana'ata rubuta wa mutane wasiƙa da karanta musu. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ɗan Turancin da na tsinta a hanya. Ina da tebur da benci a gindin dalbejiya, daura da gidan waya a Zuru. Garinmu garin sojoji ne. 'Ya'ya suna bariki a Legas ko Kaduna, wasu an kai su Laberiya da Saliyo, iyaye da mata suna kan tudu suna noman dawa. Ran kasuwa sai su sauko da ambulan a ƙulle a bakin zane, su zauna a bencina.

A wannan aikin na koyi wata ɗabi'a da nake ɗauka alheri ce. In soja ya rubuto cewa an yanke masa ƙafa, sai in ce wa uwarsa ya ji ciwo amma yana samun sauƙi. In ya zagi matarsa, sai in tsallake layin. Mutane suka riƙa cewa bakina da albarka, ba a tashi daga bencina da kuka. Na ji daɗin wannan suna fiye da yadda ya kamata.

Matar da nake magana a kanta matar wani kofur ce, daga wani ƙauye a hanyar Mahuta. Daddawa take sayarwa. Hausa ba harshen gidansu ba ne, amma ta iya ta har da ba'a. Shekaru ina karanta mata wasiƙun mijinta.

"Malam, karanta a hankali," takan ce, "kada ka cinye inda ya ce yana kewata."

"Matar kofur, bai rubuta haka ba."

"To ka rubuta mishi cewa ya manta."

Daga baya aka sallamo kofur ɗin ya dawo gida a rame, yana tari da gudawa. Damina ɗaya ya yi ya rasu. Wasu suka ce sammu aka yi masa a bariki, wasu suka yi shiru irin na waɗanda suka sani.

Bayan kamar shekara ta zo mini ran kasuwa, idanunta sun yi ɗorawa. Ta ce ta je asibiti an ɗebi jininta, an ba ta takarda an ce ta kai wa likita washegari. Amma ita ta fi son ta fara ji daga bakina.

Layi biyu ne a takardar. Na ƙasa na ciwon hanta ne, irin wanda ake ɗauka ta jini da kwanciya. Wani malamin asibiti da muke cin tuwo wuri ɗaya ya taɓa yi mini bayaninsa. Na sama kuwa na san shi sarai. Na gan shi a takardun wasu sojojin da aka sallamo, na kuma raka gawarsu. Ƙanjamau ne. Duka biyun suna jininta.

"Malam, mi ta ce?"

"Ciwon hanta ne. Shi ya kawo miki ciwon shawarar nan."

"Shi ɗai?"

"Shi kaɗai."

"Ba irin na maigidana ba?"

Na ce ba shi ba ne. Ta dafe ƙirji ta gode wa Ubangiji, ta kwance ƙunshin daddawa ta ajiye mini a tebur. Ta ce tunda shawara ce ai ba sai ta koma layin likita ba, akwai tsohuwa a ƙauyensu da ta san saiwar rawaya.

Na ba kaina dalili a ranar. A lokacin babu maganin ƙanjamau a kusa da mu, sai mai hali ya tafi manyan asibitocin birni. Kuma in sunan cutar ya fita, ba mai sake sayen daddawarta. Na ce mene ne amfanin in ɗora mata abin da ba ta da yadda za ta yi da shi. Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila ina da bakin kare kaina.

Shekaru kamar uku suka wuce. Shawarar takan tafi ta dawo. Matar kofur ta bar cin mai da nama, tana ta shan jiƙo, tana ramewa. Ni kuma wayar hannu ta shigo gari, sojoji suka daina rubuto wasiƙa, bencina ya koma wurin hirar tsofaffin 'yan fansho. Ba abin da ya rage mini sai sunan nan na mai gaskiya da bakin albarka.

A wannan lokacin maganin ƙanjamau ya iso, ana ba da shi kyauta. Na ga mutanen da aka cire rai da su sun miƙe sun koma gona. Wata rana sai ga ta tare da shugabar zumuntar matan majami'arsu, wata dattijuwa marar wasa. Takardar tana nan a leda, ta yi laushi don ninki.

"Malam, ka sake duba muna wagga takarda," in ji dattijuwar. "Mun ga yadda mijinta ya tafi. Na ce ta je a sake aunawa, ta ce kai ka riga ka karanta."

'Yan fansho huɗu suna zaune a benci, duk suna saurare. Zan iya cewa matan su dawo in babu kowa. Zan iya cewa idona ya yi rauni, su kai wa likita. Amma abin da na gani a gabana shi ne ranar da za a ce Malam ya yi ƙarya a takarda, kowace uwa ta fara tunanin me na ɓoye mata a wasiƙar ɗanta. Na sa tabarau, na daɗe ina kallon layin sama.

"Hanta ce," na ce. "Kamar yadda na faɗa."

"Kin ji ko, Mama?" in ji matar kofur tana dariya. "Ke da son kai mutum layi. Ki bar ni da saiwata."

Dattijuwar ta dube ni, suka tafi. Wannan karon ba tausayinta na ji ba, kaina na kare.

Abin ya hana ni sukuni, har na tambayi malamin asibitin nan ba tare da na ambaci kowa ba. Ya ce in cututtukan biyu suka haɗu a jiki ɗaya, ba a kuma shan maganin ƙanjamau, hanta takan lalace da sauri fiye da in ciwonta ne shi kaɗai. Ya ce in na san mai irin haka in turo shi ba jinkiri. Na ce to. Kowace ran kasuwa sai in shirya maganar a raina, in ta zo wucewa ta ɗaga mini hannu sai in ɗaga mata. Haka har ta daina saukowa kasuwa.

Tsakiyar damina dattijuwar ta dawo ita kaɗai. Ba ta zauna ba. Ta ce cikin matar ya kumbura, ƙafafu ma haka, sun ɗauke ta zuwa asibiti an sake aunawa. Likita ya ce cututtuka biyu ne, hantar kuma ta yi nisa, amma duk da haka ya ba da magani.

"Ta ƙi sha," in ji ta. "Ta ce na'urarsu ta yi kuskure, Malam ya karanta mata har sau biyu."

Na hau babur ɗin kabu-kabu da azahar, dattijuwar tana kan wani a gabana. Na tarar da matar kofur kwance a tabarma a ƙarƙashin rumfa, kusa da rumbu. Hannuwanta sun zama kamar kara, cikin kuwa kamar na mai wata tara. Da ta gan ni sai ta yi ƙoƙarin gyara ɗankwali.

"Malam da kanka? Madalla. Zo ka gaya musu, sun ishe ni da ƙwayoyinsu."

Na durƙusa a bakin tabarmar. Na ce likita ya yi gaskiya, layi biyu ne a takardar, na sama shi ne ciwon maigidanta.

Ta daɗe tana kallona.

"Tun ran farko ka gani?"

"Tun ran farko."

"Da ran da na zo da Mama?"

"Da ranar ma."

Ta juya ta yi wa dattijuwar magana da harshensu, gajeriyar magana, ban ji ba kuma ba a fassara mini ba. Sannan ta mai da fuskarta bango.

Na ce, "Matar kofur, kin ba ni amana na ci. Na farko na ce tausayi ne, na biyu tsoron kunya ne, sunana na zaɓa na bar ki. Shekarun da ya kamata ki sha magani ni na hana ki su, kuma ba ni da ikon maido miki ko kwana ɗaya. Ki sha abin da suka ba ki, don Allah. Ban cancanci ki yafe mini ba, amma na zo roƙo. Ki yafe mini."