Giyabos Biyu a Garejin Kawu

Jiya a unguwar Morris Heights, a nan ƙasar waje, wata babbar mota ta fesa mini hayaƙin dizal, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Shekara guda ke nan da rasuwarsa.

Ya sa wa tsohuwar jif ɗinsa injin dizal, da niyyar tura ta gida saboda yashin hanyar ƙauyenmu. Zaɓen giyabos, wato akwatin giyar mota, shi ne ya tsayar da aikin. Na asali ya dace da akwatin da ke raba ƙarfi ga tayoyi huɗu, amma wataƙila sabon injin ya fi ƙarfinsa. Babban da ya sayo zai jure, sai dai dole a sake akwatin, a yanke farfela, sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyi.

Wata Asabar na same shi a gareji, warin baƙin mai ya gauraye da ƙamshin shayin citta. Ya tsuguna tsakanin giyabos biyun yana shafa ƙarfen kamar mai taya rago.

"Kai ɗan boko, wanne za mu ɗaura?"

"Kawu, ya danganta. Kowanne da matsalarsa."

Ya yi dariya har da tari. "Lallai ka gado ni, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bari, gobe ma rana ce."

Haka yake cewa kullum, har a kan maganar komawa gida. A nan aka binne shi.

Yanzu mai garejin da Kawu yake haya ya ce in fitar da motar kafin ƙarshen wata, ko ya kira masu sayen ƙarafa. Na je, na tsuguna inda Kawu yake tsugunawa, na kasa zaɓa.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya isa gidan da ya fi wanda bai koma ba. Ni kuma Ya ba ni zuciyar ɗaga ɗaya daga cikin biyun.