Ranar da Ba-Komai Ya Roƙi Hanya

A layin masu gyaran kujeru, duk wanda ka tambaya shagon Ba-Komai zai nuna maka da baki, ba sai ya ɗaga hannu ba. Shago ne siriri mai zurfi, cike da kujerun da aka tuɓe wa riga, soso a jibge har rufi, ƙananan ƙusoshi a gwangwanin madara, da wani keken ɗinki da ya girmi 'ya'yan mai shi duka. Mai shagon gajere ne kakkaura. Furfura ta ci gefen kansa, sanƙo ya ci tsakiya, suka yi rabo babu faɗa.

Yana da sunan yanka kamar kowa, sai dai laƙabin ya daɗe da danne shi. In ka taka masa ƙafa, ba komai. In mai aski ya karkace masa gashin baki, ba komai. Matarsa ta ce tun da ta aure shi bai taɓa cewa a miƙo masa gishiri ba, gara ya tashi ya zagaya tebur ya ɗauko da kansa.

"Ko auren ma," in ji ta, "ni na gaji da zaman kurame. Na ce masa, bawan Allah, in magana ta kawo ka ka yi, in kuma kujerar gidanmu ka zo dubawa, ɗauke ta ka tafi."

Kujera ce kuma ta kai shi ga wasan sukwash. Wani kulob ɗin wasanni ya kira shi ya sabunta kujerun barandar 'yan kallo. A ƙarƙashin barandar akwai wani farin ɗaki mai jajayen layuka a bango, inda mutum biyu ke rufe kansu riƙe da raket, wato madoki mai raga, suna maka wa bango wata baƙar ƙwallo da ba ta fi lemun tsami girma ba. Wannan ya buga, wancan ya mayar, wanda ya bari ta taɓa ƙasa sau biyu ya rasa maki. Ba-Komai yana aikinsa yana satar kallo, yana tausayin bangon.

Rannan abokin wasan wani likitan haƙori bai zo ba. Likitan ya ɗaga kai ya ga mai ƙusa a baki.

"Maigida, hannun da ya iya guduma ai ba zai kasa raket ba. Sauko ka tsaya mini."

"Ba komai," in ji shi. Saukowar ke nan, har yau bai gama hawowa ba.

Gudu dai ba shi da shi, gwiwoyinsa ma ƙara suke kamar tsohon gado. Amma hannun da ya shekara yana ajiye ƙusa daidai wurinta ya san kusurwa. Yakan ɗan shafi ƙwallon, ta je lungun gaba ta kwanta luf kamar ƙwai a kan auduga, abokin wasa ya taho a guje ya tarar an gama. Da likitan ya kafa ƙungiya ya zama Kyaftin, sai ya ba shi lamba biyar.

Ƙungiyoyin gasar duk irin tasu ce, ta masu aiki da tumbi da ciwon baya. Kowace na da mutum biyar. Ran Asabar da yamma wata ta karɓi baƙuncin wata, na ɗaya ya kara da na ɗaya, haka har na biyar. Alƙali babu na haya, 'yan wasan ne ke karɓa-karɓa, wanda ya huce ya hau baranda ya riƙe biro. In an tashi, masu gida su ba baƙi shayi da burodi, a zauna a yi ƙarya a kan ƙwallayen da aka kusa samu. Ba-Komai yana son wannan yammacin fiye da yadda zai iya faɗa. Duk raket ɗin 'yan ƙungiyar shi ya naɗe mata mariƙi da ragowar fatar kujera. Ta Kyaftin ma koriya ce, 'yar uwar kujerar wani otal.

Matsalar guda ce. Ɗakin ƙarami ne, dole wani ya tare wa wani hanya. Doka ta ce in an tare ka, ka tsaya ka ce wa alƙali "let", wato kana roƙon a sake. In tarewar ta yi muni, makin ma gaba ɗaya za a ba ka. Amma sai ka nema da bakinka. Alƙali ko ɗan uwanka ne ba ya ba wanda bai roƙa ba.

Ba-Komai kuwa bai taɓa roƙa ba. In mutum ya tsaya masa a gaba, sai ya zagaye shi a hankali kamar yadda yake zagaye kujerun shagonsa, kafin ya isa ƙwallo ta mutu. Ya ɗauko ta ya miƙa wa wanda ya tare shi, har da murmushi.

Ana saura kwana kaɗan wasan ƙarshe na shekara, Kyaftin ya zo shago, ya zauna a kan wata kujera mara soso, ya miƙe da sauri.

"Ba-Komai, ni fa cire haƙori ne sana'ata, ban iya kwana-kwana ba. Makin da kake rabarwa sadaka ya ishe mu. Rashin tayi akan bar arha. Ga mai sayar da taya can ya dame ni yana son lamba biyar, shi ko inuwa ce ta gitta masa sai ya yi ihu. Ran Asabar in ka sake zagaye mutum muka faɗi, wurin nasa ne. Kai sai ka riƙa zuwa shan shayi."

Ba-Komai ya buɗe baki zai faɗi abin da ya saba, sai ya fasa. Wannan karon da komai.

Da ya koma gida ya tarar autarsa ta zo, ita da uwarta suna ta ƙunshe dariya a kicin.

"Baba, ka san wa za ka kara da shi?" in ji Auta. "Na biyar ɗin ƙungiyar da za ku kara da ita ya gurɗe ƙafa. Sun sa mijina."

Mijin nata malamin lissafi ne, dogo siriri mai tabarau, wanda in ya zo gaida surukinsa yakan tsaya a bakin ƙofa har sai an ce ya shigo sau biyu.

"To fa," in ji matar. "An rufe masu kunya biyu a ɗaki ɗaya. Ni kam zan je. Ko kuɗin shiga ake biya zan je."

Ran Asabar baranda ta cika. Manya huɗu suka gama nasu, kowane ɓangare ya ci biyu, wasa ya rage a hannun 'yan lamba biyar. Juyin alƙalanci kuma ya faɗo kan Kyaftin, ya hau sama da tawul a wuya. Mai taya ya zauna a layin gaba ya ɗora sabuwar raket a cinya, ba don komai ba, in ji shi, don ta sha iska.

Tun a ƙofa aka fara.

"Baba, shiga."

"A'a Malam, kai ne baƙo."

"Haba Baba, ina ni ina shiga gabanka."

"Ku shiga tare mana!" in ji Kyaftin daga sama. "Shayi na hucewa!"

Zagaye biyar ake yi, wanda ya ci uku ya yi nasara. Zagayen farko abin kallo ne. Malam yana turo ƙwallo a hankali daidai hannun surukinsa, sannan ya manne da bango kamar hoto don kada ya tare hanya. Ba-Komai ya cinye zagayen ko zufa bai yi ba, amma fuskarsa ba ta saki ba. Ya tsaya yana ta gyara mariƙin raket ɗin da ba abin da ya same shi. Auta ta san wannan gyaran. Ta leƙo ta baranda.

"Malam! In ka bar masa zai gane, kuma ba zai faɗa ba, shekara zai yi yana ce maka ba komai. Ka buga wasa!"

Malam ya dubi matarsa, ya dubi surukinsa, ya gyara tabarau. Daga nan aka ga ashe dogayen ƙafafun nan ba na ado ba ne. Ya riƙa aika tsohon gaba da baya, ya cinye zagaye biyu a jere. Da wasa ya yi zafi kuma kunya ta ragu, ya fara mantawa yana tsayawa a tsakiya. Ba-Komai ya zagaye shi, ya sake zagaye shi. Duk lokacin da ya zagaye shi, Kyaftin sai ya ciji biro, don alƙali ba shi da ikon cewa uffan. Mai taya ya soma ɗaure igiyar takalmi.

Hannun mai ƙusa ne ya ceci Ba-Komai a zagaye na huɗu, ya yi ta kwantar da ƙwallo a lungu har Malam ya gaji da sunkuyo. Suka shiga na ƙarshe kowa na haki, maki na bin maki, har aka zo inda Ba-Komai ke neman guda ɗaya tak ya gama.

Malam ya kai wa wata ƙwallo duka a gaggauce, ta bugi bango ta dawo tsakiya, daidai inda yake tsaye. Ya rasa ta inda zai kauce. Sai kawai ya durƙusa a gaban surukinsa kamar mai gaisuwa, ya rufe kai da hannu.

Ga ƙwallo a gaban raket ɗin Ba-Komai, ga gadon bayan uban jikokinsa tsakaninsa da bango. In ya buga, mutum zai buga. Zagaye kuwa babu, Malam ya cika hanyar da gwiwa da gwiwar hannu. Ya tsaya cak, raket a sama. Ƙwallo ta taɓa ƙasa, ta sake taɓawa, ta gangara.

Ƙafarsa har ta ɗaga za ta je ɗauko ƙwallon ya miƙa, kamar kullum. Sai ya ɗaga kai. Ya ga Kyaftin da biro a baki, idanu kamar za su faɗo. Ya ga kujerun da ya ɗinka da hannunsa, ya ga wadda zai riƙa zama a kai duk Asabar yana kallon mai taya yana ihu a wurinsa. Ya gyara murya.

"Let," in ji shi, a hankali kamar mai neman aron allura. "Don Allah. In babu damuwa."

"Maki ne!" Kyaftin ya daka tsawa har biron ya faɗo cikin ɗakin. "Maki ne, wasa ya ƙare!"

Kyaftin ɗin baƙi ya ɗaga hannu ya ce wannan ko makaho ya gani. Malam ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya kama hannun surukinsa da hannu biyu.

"Baba, na gode da ba ka buga ba."

"Ba komai," in ji shi, wannan karon da gaskiyarsa.

A wurin shayi mai taya ya ce shi dama lamba huɗu yake hange. Ba-Komai ya kurɓi kofinsa, ya ɗan ɓata fuska, ya juya.

"Maman Auta, miƙo mini sukari."

Matar ta ajiye buta, ta dafa ƙirji. "Auta, zo ki riƙe ni. Ubanki ya yi magana."

Lamba biyar dai tana hannunsa har yanzu. Sai dai Kyaftin yana cewa famfo suka buɗe suka ɓatar da kan. Yanzu ko gwiwar hannu ce ta gitta masa a ɗakin wasa sai ya tsaya ya ɗaga yatsa, alƙalai har sun soma gudun juyinsu. Mai aski ma ya sha mamaki ranar da aka ce masa ya sake duba gefen hagu. Laƙabin ne kawai ya ƙi tashi, shi kuma bai roƙi a canza ba.