Gyaren da ke Cikin Ganga

A Kanan-Bakashe, da an gama tuwo sai Kaka Hajo ta tura karan hatsi a wuta, mu kewaye ta, ni da Laminu ɗan kawuna. Ba ta zuwa biki, ko kiɗa ta ji daga nesa sai ta shige ɗaki. Amma in ta buɗe baki da tatsuniya, har manya kan bar hirarsu.

"Matso, mijina," haka take tsokanata, "ga ta nan ta iso ku."

Wadda na fi so ita ce ta wata macen gyare mai zaƙin murya. Wani makaɗi ya kama ta, ya jefa cikin ganga, ya ɗinke fata. In ya buga, sai ta rera daga ciki, gari ya ɗauki rawa ana yabon ganga. A nan Kaka kan rera waƙar gyaren a hankali, yatsun ƙafarta na motsi cikin rairayi.

"To yaya ta fita?" in ji Laminu.

"Wa ya ce maka ta hita? Ku tahi ku kwanta."

Haushi nake ji ƙwarai. Wace irin tatsuniya ce ba a kuɓuta?

Yau ni da Laminu makaɗa ne. Muna tono kiɗan disko na zamanin kakanninmu, mu sabunta shi da na'ura. Bara, bayan rasuwar Kaka, muka sayi tsofaffin kaset a kasuwar Tasawa. A cikin ɗaya, bisa kiɗan piyanon lantarki, wata budurwa ta ɗauki waƙar gyare. Laminu ya dafe kai. A jikin kwalin sunan makaɗin kawai aka rubuta.

Mun gyara waƙar, ba mu taɓa yin aiki mai kyanta ba. Muka kai wa Kawu ya ji, har ya share hawaye, sannan ya ce, "Uwata ce. Ta rufe wanga al'amari da kanta. In kunka sa sunanta, babu ni babu ku."

Laminu ba zai saɓa wa mahaifinsa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ni kuwa na rantse ba zan fitar da muryarta babu suna ba, a yi ta rawa ana yabonmu.

Waƙar tana nan cikin na'ura. Wani lokaci nakan kunna ta ni kaɗai, in ji Kaka tana rerawa daga ciki.