Rashidu ya bar ni da waya mai murya ɗaya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan saƙo ya shigo, wai Rashidu ya rasu.

Idona ba ya ganin ƙananan rubutu, don haka na'urar da shi da kansa ya sa min a waya ce ta karanta min. Ta faɗi mutuwarsa kamar tana faɗin farashin tumatir, ko rawar murya babu. Saura kaɗan in jefa ta a kwata.

Ɗan maƙwabciyata ne, Bayerabe haifaffen Sabon Gari. Shekarar da sojoji suka koma bariki shi da mahaifiyarsa suka tare kusa da mu a Fagge. Shi ke kai ni asibitin ido, ya bi min layi ina zaune.

Ya tafi Indiya karatu, wani yanki wai shi Assam. Can ya koya wa kwamfuta magana da yarensu: inda murya ke hawa, inda take sauka, inda ake numfasawa. Na ce, "Rashidu, ka gama da Hausa ne da za ka je gyara wa Indiyawa baki?" Ya ce, "Inna, ai ke na ajiye wa Hausar."

Da ya dawo sai ya rufe ni a ɗaki, ya jingina katifu a bango, ya kashe fanka, wai in yi ta maimaita jimloli na'ura ta koya. Ga zafi, ga ba kowa. Wa zan tsokana, katifa? Na yi ta jero masa kamar mai ba da shaida a kotu. Abin da ta koya ke nan, da muryar take karanta min saƙo a waya yanzu.

Ganina da shi na ƙarshe, ya tarar ina yi wa jikokina faɗa sun shanye min kunu. Ya tsaya a bakin ƙofa yana dariya.

"Inna, wannan muryar nake nema! Bari in ɗauko rikoda, minti goma kawai."

Na ce, "Tafi can, biki za ni. Ka dawo Asabar."

Asabar ɗin yana gadon asibiti, ban ma sani ba.

Haushin kaina nake ji. Minti goma fa ya roƙa. Bikin ma shinkafarsu ba ta dahu ba.

Abokan aikinsa, in kuna ganin wannan, ku zo da rikodarku. Zan tara jikokin, faɗa ba ya ƙare min. Kada ku bar aikin yaron nan a haka.

Allah Ya jiƙan Rashidu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba mahaifiyarsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.