Ɗan Farin da Kaka Ba Ta Yaba Ba

Duk sanda na ji ƙarar ƙwallon kwando tana dukan siminti, gidanmu na Yelwa nake tunawa, da warin bandar kifi, da dogayen mutane biyu masu sunkuyawa kafin su shiga zaure: Baba da ƙaninsa, Baffa.

Lokacin da Yelwa ke cikin Jihar Sakkwato, dukansu sun buga wa jiha, kuma wuri ɗaya suke tsayawa, wato gindin kwando, inda ake ture-ture ana cafe ƙwallon da ta ƙi shiga. Baffa gwanin jifa ne, 'yan kallo na sonsa. Baba kuwa kafaɗa gare shi irin ta mai jan taru, in ya kafa ƙafa ba mai gusar da shi. Waɗanda suka ga wasansu sun ce Baba ya fi. Ni ban gani ba, ina goye.

Abin da na tashi na tarar shi ne Baffa yana Legas, wani kamfani na biyansa albashi don ya yi wasa. Da Sallah yakan zo da farin takalmin kambas da hotuna. Baba kuwa yana tafki, ya dawo da ƙarnin kifi a riga. Yaran unguwa suna ce mini ɗan raggo, kuma kalmar daga bakin Kaka suka ɗauke ta. In Baba ya biyo ta ƙofar makarantarmu da taru a kafaɗa, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai da na girma Inna ta ba ni labarin. Wani koci ne, mutumin kudu, ya zo har gida da tafinta. Gurbi ɗaya gare shi, Kaka ma ta ce dole ɗaya ya zauna ya riƙe jirgin kamun kifin gidan. Ya tambaye ta wanne ya fi juriya. To ka san uwa a wurinmu ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta yabe shi gaban baƙo. Ta kau da kai ta ce, "Babban? Raggo na, ba shi da wani amfani."

Duk wanda ke tsakar gidan ya san yabo ne ta ɓoye. Tafinta ya juya maganar yadda take, koci ya tafi da Baffa. Baba yana tsaye yana ji, amma ba a gyara wa uwa zance.

Wata damina, bayan Kaka ta tsufa, ina matsa mata ƙafa, muka hango Baba yana tahowa daga bakin ruwa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Wancan," in ji ta, "ko da ƙahwa guda ya hi ƙanenai. Kak ka hwaɗa mishi."

Yanzu ɗana na fari yana wasa, uwarsa na tsaye bakin fili tana kwaɗa masa kira da sunansa, ba mai ganin laifinta. Baba yakan zo kallo da sandarsa, ya zauna can baya. Ni nake kasa haɗa ido da shi, don Kaka ta rasu da amanarta a hannuna, kuma har yau ban faɗa masa ba.